Yadda na sa wa kallon katun iyaka a gidana, mataki-mataki

Da hunturun bara ne, wajen magariba, irin sanyin Jos ɗin nan mai shiga ƙashi, ina kicin ina tuƙa tuwo sai na ji ihun autana Abba daga falo kamar ana yanka shi. Na fito a guje da muciya a hannu, na ɗauka wutar lantarki ce ta ja shi, ashe cajin wayata ne ya ƙare tana hannunsa. Yaro ɗan shekara 4 ya kwanta a ƙasa yana birgima yana buga kai da kujera, yayarsa Ummi na tsaye a kansa ta ce "Mama tun la'asar fa yake kallo". Ni da hannuna na ba shi wayar don in samu in ƙarasa wanki. Daren nan ban yi barcin kirki ba wallahi, kuma daga nan na fara abin da zan bayyana a nan, ya ɗauke ni wajen wata biyu kafin gidan ya daidaita.

Kafin in shiga matakan akwai abin da nake so ki fara ganewa 'yar'uwa, don a kansa komai ya hau. Mu ma fa mun kalli katun, mu da muka tashi a garin nan ba baƙin talabijin ba ne, a Jos aka fara nuna talabijin mai kala a Najeriya a tsakiyar shekarun 1970 a tashar Benue-Plateau wadda daga baya ta koma NTA Jos, kuma har yau kwalejin talabijin ta NTA tana nan Rayfield. Mun kalli Voltron mun kalli Tom and Jerry, ranar Lahadi da yamma ga Tales by Moonlight. Amma sai wajen ƙarfe 4 na yamma tasha take buɗewa, katun rabin awa ne a wuce zuwa wani shiri, ko a ɗauke wuta kowa ya watse, kuma a gidan mutum ɗaya a layi ake taruwa yara fal tsakar gida ga manya suna wucewa suna ganin abin da ake kallo. Kallon yana da ƙarshe, ba mu muke sa shi ba, shi yake zuwa da kansa. Yanzu fa? Tashoshin yara na dikoda awa 24 suke, YouTube kuma in wannan ya ƙare kafin yaro ya ɗaga kai wani ya fara. Tatsuniya tana da ƙurunƙus, waya ba ta da shi. To aikinki kenan, ke za ki zama ƙurunƙus ɗin.

Mataki na farko, ki yi mako guda kina lura kawai, kar ki hana komai tukuna. Na san ran mutum yana so ya ƙwace wayar yau-yau, amma in ba ki san girman ciwon ba ba za ki san maganin da za ki nema ba. Ki samu takarda ki maƙala a jikin firij ko bayan ƙofa, kullum ki rubuta ƙarfe nawa aka fara kallo, ƙarfe nawa aka daina, a waya ne ko a talabijin, wa ya ba shi, sannan abu mafi muhimmanci, yaya yaron yake bayan an kashe, ya tashi ya kama wasa ko kuwa fushi da jifa da kaya. In wayar Android ce ki shiga setin ki nemi inda aka rubuta Digital Wellbeing, zai nuna miki minti nawa aka yi a kowace manhaja, a iPhone kuma Screen Time ake ce masa. Ki buɗe History na YouTube ki bi ki ga me aka kalla. Ni da na yi nawa na ga ashe ba da yamma kaɗai ba ne, da safe ma ina ba shi don ya tsaya in sa masa yunifom, wajen cin abinci ma ina ba shi don ya buɗe baki, kaɗan-kaɗan ɗin nan da aka tara sai ga awa uku zuwa huɗu a rana.

Mataki na biyu shi ne wanda yawancinmu muke tsallakewa, kuma shi ya fi buɗe min ido. Ki zauna ki kalla tare da shi, ba leƙe daga kicin ba, zama sosai, aƙalla kashi uku na duk abin da ya fi so, daga farko har ƙarshe. Kina kallo kina tambayar kanki wasu abubuwa.

Shin akwai labari a ciki, mai farko da tsakiya da ƙarshe? Wani katun ɗin za ki ga an samu matsala, an nemi mafita, an warware, yaro zai iya ba ki labarinsa daga baya. Wani kuma kala ne kawai da ƙara da waƙa ɗaya ana ta maimaitawa, hoto na sauyawa kafin ki ƙirga uku. Ki gwada da kanki, ki ƙirga sau nawa hoton ya canza a minti ɗaya. Irin masu saurin nan su ne na lura in an kashe wa Abba ya fi haukacewa, kuma in na ce me ka kalla ba ya iya faɗin komai. Guntayen bidiyon nan na Shorts da TikTok kuwa ni a gidana na rufe babinsu gaba ɗaya ga ƙananan, don babu yadda za a yi ki san abin da zai biyo baya in ya ja da yatsa.

Sannan ki saurari yadda yaran cikin katun suke wa iyayensu magana. Mata da yawa a unguwarmu abin da ya dame su da Peppa Pig shi ne alade ce, kuma na fahimce su, amma ni da na zauna na kalla abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda ake mai da uban abin dariya, ana tsokanarsa da tumbinsa kowa na ƙyalƙyalewa. A Ingila inda aka yi shi wataƙila wannan wasa ne tsakanin uba da 'ya'yansa, a wajenmu kuwa ranar da Ummi ta gwada irin wannan maganar da babanta a gaban baƙi sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaro ba ya rarrabewa, abin da ya ga an yi an yi dariya shi zai kwaikwaya. Haka murguɗa baki da juya ido da buga ƙofa in an yi wa yaro faɗa, duk ki lura da su.

Akwai kuma na jabu, wannan ki kula sosai. Wasu mutane suna ɗaukar fitattun 'yan katun su haɗa nasu bidiyon na banza, da allura da jini da abubuwan batsa, su sa a YouTube, daga nesa kina ganin kalar kin ɗauka na gaske ne. A 2017 maganar ta yi ƙarfi a duniya har kamfanin ya goge bidiyoyi da tashoshi masu yawa, amma ba su ƙare ba. Ki duba sunan tashar da ta ɗora, in ba ta asalin masu shirin ba ce ki toshe ta.

In kin gama wannan za ki samu shiri uku ko huɗu da zuciyarki ta kwanta da su. Sun isa, yaro ba ya gajiya da maimaici, mu manya ne muke gajiya.

Mataki na uku, ki ɗauke kallon daga waya ki mai da shi talabijin ɗin falo. Wannan kaɗai ya rage min rabin rigima. Waya yaro yana shigewa ɗaki da ita ko ƙarƙashin bargo, fuskarsa dab da gilashi, shi kaɗai ya san me yake gani, kuma saƙonninki na WhatsApp da hotunan da ake turowa a guruf duk suna faɗowa a gabansa. Talabijin kuwa kowa na gani, yara suna kallo tare suna musu suna dariya, kuma rimot yana hannunki.

In kuna da DStv ko GOtv ki shiga setin ki nemi Parental Control, zai tambaye ki lambar sirri, wadda dikoda take zuwa da ita 1234 ce in ba a taɓa canzawa ba, ki canza ta nan take don yaran firamare ma sun san ta, kar kuma ki sa shekarar haihuwar wani a gidan. Daga nan za ki iya kulle tasha ɗaya-ɗaya, ko ki sa iyakar shekaru yadda duk shirin da ya wuce na yara sai an sa lamba. Sauran dikodoji irin su StarTimes su ma suna da wajen kulle tasha.

In dole sai an yi amfani da waya, misali babu wuta ko kuna hanya, to kar ki ba shi YouTube na manya. Ki sauke YouTube Kids, ki buɗe wa yaron nasa shafin, zai ba ki zaɓin shekaru, 4 zuwa ƙasa, 5 zuwa 8, 9 zuwa 12, amma ni shawarata ki wuce waɗannan ki zaɓi inda ke da kanki za ki amince da tashoshin da zai gani, sai ya zama waɗanda kika tantance a mataki na biyu ne kaɗai za su fito, wajen bincike ma ya rufe. Akwai agogo a ciki da za ki saita minti nawa, in lokaci ya cika manhajar ta kulle kanta. In yaron babba ne har yana da tasa wayar ko tablet, Family Link na Google zai ba ki damar sa mata lokacin barci daga taki wayar. A YouTube na manya kuma ko don kanki ki kashe Autoplay, wato abin da ke sa wani bidiyo ya fara da kansa in wani ya ƙare.

Hanyar da ta fi min sauƙi da arha dai ita ce filas, ɗan abin nan da ake zuba bidiyo a ciki a soka a jikin talabijin. In na samu data mai rahusa da dare sai in tara kason da nake so, ko in je wajen masu tura fina-finai a waya in ce ga takamaiman abin da nake so, a zuba min a filas in soka a bayan talabijin. Ba talla, ba wani bidiyo da zai faɗo, ba cin data. Amma don Allah kar ki aiki yaro ya je a tura masa, kuma in an kawo ki buɗe kowane fayil ki gani tukuna, na taɓa karɓo wanda aka ce katun ne zalla na tarar da fim ɗin yaƙi na manya a tsakiya har da yankan mutane, ba da mugunta mai shagon ya yi ba, kwasowa kawai ya yi ya zuba.

Mataki na huɗu, lokaci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a kan yara 'yan ƙasa da shekara 5, ta ce jariri da ɗan shekara 1 kar a zaunar da su gaban allon waya ko talabijin sam, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Ta kuma ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13. Ki auna wannan da takardar da kika cika a makon farko.

Sai dai ƙaramin yaro bai san minti talatin ba, don haka ni da kashi nake ƙirgawa, "Abba guda biyu za ka kalla", in nuna masa yatsu biyu shi ma ya nuna min. In na biyun ya kusa ƙarewa sai in zo in zauna kusa da shi in ce wannan ne na ƙarshe fa, in ya ƙare in miƙa masa rimot shi ya kashe da hannunsa, mu ce ƙurunƙus tare. Kar ki kashe a tsakiyar labari, ke ma in ana tsakiyar fim aka ɗauke wuta kin san yadda kike ji.

A gidana tsarin shi ne babu kallo da safe kafin makaranta, babu a kan abinci, ana yi ne bayan an dawo Islamiyya an yi aikin gida, kuma kiran sallar magariba shi ne iyaka ko da saura. Wannan ya taimake ni ƙwarai don ba ni ce na ce a kashe ba, ladan ne ya kira, kuma kullum sai ya kira. Bayan isha babu kallo, don na ga da idona in ya kalla da dare sai ya kai ƙarfe 11 yana juyi a gado, da safe kuma a sanyin nan tashinsa sai an yi dambe. Asabar da Lahadi ina ƙara musu, wani lokacin fim guda cikakke mu kalla tare da gugguru.

Zan faɗa miki gaskiya, kwana uku zuwa biyar na farko akwai wuya. Zai yi kuka, zai ƙi abinci, zai ce ba ya sonki. Maganar cin abinci ce ta fi ba ni tsoro don Abba ya saba sai da waya yake haɗiya, rana ta farko cokali uku ya ci ya ture kwano, na bar shi ban yi faɗa ba ban kuma kawo waya ba, da yunwa ta kama shi wajen ƙarfe 8 shi ya zo da kansa. Kar ki doke shi a kan wannan kukan, ba rashin kunya ba ne, sabo ne aka raba shi da shi kuma mu muka saba masa. Ki rungume shi ki ce na san kana so, gobe in Allah ya kai mu akwai guda biyu. Amma in kika sake kika miƙa wayar a rana ta biyu don ya yi shiru, to kin koya masa cewa kukan minti ashirin ne kuɗin waya, gobe zai yi na talatin.

Mataki na biyar, ramin da kika haƙa sai kin cike shi. Awa uku kika cire daga ranar yaro, in ba ki sa komai a wajen ba a kanki zai ƙare. Na san da yawanmu a Jos ba ma sakin jiki yara su yi nisa da gida kamar da, kowa ya san abin da garin ya gani, to ko a tsakar gida ne ko ƙofar gida inda ido ke kai. Na koya wa Ummi carafke da 'yar gala-gala, na zana mata da gawayi a siminti, yanzu 'yan matan maƙwabta su suke sallama. Abba kwali da murafan lemo da gwangwanin madara na tara masa a buhu yana haɗa mota. In ina girki ina ba su aiki, tsince wake, ɓare gyaɗa, wanke dankalin Turawa a roba, ruwa zai zube kaya za su jiƙe amma a nan hira take fitowa. Sau ɗaya a wata in hali ya yi babansu ya kai su Wildlife Park ko gidan zu na kusa da gidan tarihi, ranar da Abba ya ga jimina da idonsa mako guda ya yi yana maganarta.

Da dare kuma tatsuniya. Na ɗauka na manta, amma da na ce "ga ta nan ga ta nanku" na koya musu su ce "ta zo mu ji ta", sai Gizo da Ƙoƙi suka dawo min ɗaya bayan ɗaya, inda na manta in ƙirƙira ko in kira yayata a waya ta tuna min.

Mataki na shida ya shafi harshe, kuma a nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Muna jin daɗi in yaro ya fito da Turanci irin na Amurka daga katun, har a ɗauke shi bidiyo a tura wa dangi, ni ma na yi. Amma na ga yaran da za su ƙirga har ɗari da Turanci ba su iya durƙusawa su ce ina kwana ba, kakarsu ta yi musu magana sai sun juyo sun kalli uwarsu ta fassara. Turanci zai samu a makaranta da titi, musamman a garin nan da kowane yare yake akwai, Hausar gida kuwa in ba a bakinki ya ji ba daga baya tsinto-tsinto zai yi. Abin da nake yi mai sauƙi ne, in an kashe sai in ce ba ni labarin abin da ka gani da Hausa, wa ya yi laifi, da kai ne me za ka yi. Kuma ki nemi na kusa da mu, Bino and Fino a Abuja aka ƙirƙiro shi, yaran ciki baƙaƙe ne irin namu da kakanninsu da abincinmu, sannan Akili and Me na kamfanin Ubongo da ke Tanzaniya an juya wasu shirye-shiryensu zuwa Hausa.

Maganar kayan katun a taƙaice, jakar makaranta da robar ruwa da kek ɗin bazday mai hoton Spider-Man, ki shiga kasuwar Terminus lokacin komawa makaranta ki ga yadda yara ke jan zanin iyayensu. Yawancin manyan katun da sayar da kaya aka gina su. Kafin mu fita nake faɗa musu abin da za mu saya, kuma bidiyon da ake buɗe kwalin kayan wasa yaro na kallo, wannan talla ce tsagwaronta, na cire su.

Mataki na ƙarshe shi ne manyan gidan, kuma da zan sake farawa da shi zan fara. In ke kin hana, baban ya dawo ya miƙa tasa wayar don ya huta, aikin banza kika yi. Ni takardar makon farko na ajiye wa Baban Ummi kusa da abincinsa ban ce komai ba, ya karanta ya yi shiru, sannan ya ce to yaya za a yi. Mu ma sai da muka gyara, don ba zai yiwu in ce babu waya a kan abinci ni kuma ina latsa tawa ba, kuma fina-finan Indiya masu fassara da nake kallo da rana suna zaune a gefena na mai da su sai sun yi barci, don abin da ke cikinsu ya fi na katun nauyi nesa ba kusa ba. In kina da mai taya ki aiki ko ƙanwa a gidan ki zaunar da ita ki yi mata bayani da mutunci, ki nuna mata filas ɗin da adadin da aka yarda.

Wadda na fi jin nauyi ita ce Hajiya, mahaifiyar maigidana, don duk Juma'a a gidanta yaran suke yini a Gangare kuma ba ta iya ganin Abba yana hawaye, yana fara taɓe baki za ta ce a ba shi wayar mana. Ban iya ce mata ta daina ba. Sai wata Juma'a bayan na gaishe ta na ce "Hajiya, yaran nan fa ba su san tatsuniya ba, ni kuma nawa duk guntaye ne, ko za ki taimaka musu da irin waɗanda kika yi wa su Baban Ummi". Ta yi dariya ta ce yo su waɗannan za su zauna? Na ce a gwada. Da muka je ɗaukarsu bayan isha na tarar da su a kan tabarma an lulluɓe su da bargo ɗaya, har da jikokin maƙwabta biyu, tana tsakiyar ta Ɓotorami, ta ɗaga min hannu wai in jira a waje sai ta kai ƙarshe.